Rabon Inna Mai Kitso

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma makon jiya Inna Mai Kitso, matar Baffana, ta riga mu yin gaba. Da hantsi ta cika, ana tsakiyar cirar gyaɗa, gari duk an watse gona. Na ɗauka sai an yi ta aike kafin a haɗa sahu. Ina! Kafin azahar hanyar gidanmu ta cushe. Mata ne ke ta ɓullowa ta tsakanin karan dawa, daga ƙauyukan da gonakinsu ke jikin namu, wasu da goyo, wasu da ƙasar gyaɗa a zane, wata ma da ludayi a hannu ta manta ba ta ajiye ba.

Ni dai ban taɓa zaman makokin da aka yi dariya irin wannan ba, Allah Ya yafe mana. Ana cikin kuka sai wata tsohuwa daga wajen Bici ta zame ɗankwali, ta ce a dubi gefen kanta, tun kitson farko da Inna ta yi mata gashin wurin bai sake tsirowa ba. Shi ke nan tsakar gida ta ɗauka. Wannan ta ce ita mijinta da ya ga nata tambaya ya yi ko faɗa aka yi. Waccan ta ce ita kwana ta yi ba ta iya runtse ido ba don tsabar ja. A yi dariya, a share hawaye, a koma kuka. Har maza suka aiko daga zaure wai a sassauta murya.

Abu ɗaya ne bai yi min daɗi ba. Da aka yi sanarwa a lasifikar masallaci, cewa aka yi Allah Ya yi wa Inna Mai Kitso rasuwa. Na san ba da mugunta aka faɗa ba, da sunan kowa ya san ta, amma raina ya ɓaci. Matar nan ba mai kitso ba ce, kuma a gashin mutane ta koya. Ungozoma ce ta asibiti, wadda ta yi makaranta ta samu takarda a ƙasarsu. Tun tana matashiya har ta tsufa abu ɗaya ta nema a ƙasar nan: a bar ta ta yi aikinta, a kuma kira ta da sunan aikin. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada jikokinmu su tashi su ɗauka tsinke da mataji kawai ta sani.

'Yar Cadi ce. Baffa, ƙanen mahaifina, direban babbar mota ne a lokacin, yana kai kaya babban birninsu, a can ya gan ta ya aure ta. Da yaƙi ya ci birnin suka tsallako kogi da abin da hannu zai iya ɗauka. Abin da ta shigo da shi gidanmu akwatin ƙarfe ne guda. A ciki akwai farar rigar aiki, da takardar shaidarta da aka rubuta da Faransanci, da wani ɗan ƙaho na katako da ake kafawa a cikin mace a saurari bugun zuciyar ɗa.

A ranar da ta iso ta yi ɓarnar da ta bi ta shekara da shekaru. Mahaifiyata ce ta ba ni labarin, kuma ba ta taɓa kai ƙarshensa ba tare da ta rufe fuska ba. An taru a tsakar gida ana yi wa baƙuwa sannu da zuwa, Kaka na nan, Kakanmu namiji na nan, surukai duk sun hallara. Mahaifiyata amarya ce mai cikin fari, ta yafa ƙaton zane tana ta ɓoyo, ta kawo ruwa a ƙwarya. Inna na ganin tafiyarta sai fuskarta ta washe. Ta miƙe tsam, ta ɗora hannu a cikin, ta ce da guntuwar Hausarta:

"Barka! Wata nawa? Yana motsi?"

Tabɗi! Kakanmu ya tuna yana da baƙo a zaure. Mahaifiyata ta saki ƙwarya ta ruga ɗaki. A wurinmu ba a ambaton ciki a gaban mutane, balle na fari, balle a gaban surukai. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai, har ranar da za a ji kukan jariri. Ita kuwa a inda ta fito wannan tambaya ita ce gaisuwarta ta kullum, mata layi suke yi don ta yi musu ita. Kafin magariba magana ta zaga gari, wai Baffa ya kwaso mace mai ganin abin da ke cikin mutum. Wasu ba su tsaya nan ba, mayya suka ce. Cikin nan da ta taɓa, ni ce.

Ranar da za a haife ni, mahaifiyata ta yi yadda aka koya mata. Ta ɓoye naƙuda, ta yi daka, ta yi shara, da abin ya ci ƙarfinta ta shige ɗaki ita kaɗai ta durƙusa. Haka ake yi: mace ta haihu da kanta, sai ɗa ya faɗo a kira ungozomar gari ta yanke cibiya ta yi wanka. Inna ta gane tun da safe. Ta dafa ruwa, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta nufi ƙofar. Kaka ta zauna daram a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa. Inna ta tsaya a rana da hannuwa a sama kada su taɓa komai, tana jin nishin da ake dannewa a ciki. In sun bushe ta je ta sake wankewa ta dawo. Ba a bar ta ta shiga ba. Na fito lafiya, amma mahaifiyata ta zubar da jinin da har lokacin girbi ya wuce ba ta iya ɗaga tulu ba.

Daga nan ta ce to, in ƙauye ba ya so, birni zai so. Ta goge farar rigarta, Baffa ya sa ta a gaban mota suka nufi Kano. Ta sha ba mu labarin zaryar nan, tana yi tana kwaikwayon muryar kowane ma'aikaci, mu yara muna birgima. A ofishin farko aka juya takardar sama da ƙasa aka ce ba a jin wannan yaren, a je a fassaro. Aka fassaro. Aka ce sai makarantar da ta ba ta ta tabbatar. Ta ce makarantar ko rufi ba ta da shi yanzu, malaman kowa ya yi ta kansa. Aka ce to ba laifinsu ba ne, kuma da gaskiyarsu. Wani mai kirki ya ba ta shawara ta koma aji ɗaya ta faro karatun da Turanci. Matar da ta karɓi haihuwa har ta daina lissafi, ga ta ba ta da ko gaisuwa a Turanci. A wurin nan na labarin takan daina kwaikwayo ta ce a miƙo mata shayinta.

Abin da ta samu a ƙarshe shara ne, a wani asibiti a birni. Ta karɓa da murna, wai ko ba komai za ta shaƙi warin ɗakin haihuwa. Ta ce tsintsiya ba ta dame ta ba, abin da ya dame ta hannuwanta, sai ta ji suna yi mata ƙaiƙayi in mace na murƙususu a gado. Ranar nan wata ta riƙe mata zane tana roƙonta, ta jingine tsintsiya ta shafa cikin. Aka gan ta, aka ce mai shara ba ta taɓa marar lafiya, aka sallame ta. Ta dawo gida ta ninke farar rigar ta mayar akwati, kuma ban taɓa ganinta a jikinta ba.

To, a nan ne fa Inna ta nuna mana ko ita wace ce. Da wata ce, da ta kwanta ta yi ta kuka. Ita zama ta yi tana kallonmu, yadda mu ma muke kallonta. Ta gaya min daga baya cewa ta lura wuri ɗaya ne tak macen garin nan ke zama ta daɗe ba ta tashi ba, babu namiji kusa, kuma bakinta ya buɗe: wurin kitso. Kai na cinyar wata, fuska na kallon ƙasa, ba a haɗa ido, sai ka ji mace ta faɗi abin da ko uwarta ba za ta gaya wa ba. Sai kawai ta aiki Baffa kasuwa ya sayo mata tsinke da mataji da man shanu, ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakinta ta ce ta fara kitso, kuma kyauta.

Kitson kuwa, wayyo! Layi ya taso daga goshi ya nufi ƙeya, sai ya canza shawara a hanya ya gangara kunne. Amma tana da abin da ba mai shi a garin. Tana dafa shayi irin nasu, baƙi ƙirin, mai zaƙi har ya kama haƙori, a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ga turaren wuta da ake jiyowa tun daga rijiya. 'Yan mata marasa tsoro suka fara zuwa don shayin. Ba wadda ta mutu, ba wadda ta rame. Sai matan aure suka fara leƙowa.

Kin zauna, ta kama kanki, ta karkato shi wai tana neman tsaga, sai ta ja fatar idonki ƙasa ta ga ko akwai jini. Ta ce miƙe ƙafa kada ta yi tsami, ta danna yatsa a idon sawu ta ga ko wurin zai lotsa. Ba za ta ce ciki ba, ta koyi darasi. Sai ta ce, wannan baƙon da kike jira, yana yi miki wasa da rana? Mace na kallon tabarma ta ce e, ko ta ce kwana biyu shiru. In ta ji abin da bai kwanta mata ba sai ta ce man ya ƙare, a shiga ɗaki a ɗauko. A ɗaki ƙahon katakon nan yake, cikin kwandon mataji. Mu yara mun ɗauka abin busa ne, na sha dukan hannu a kansa.

Matar aure ta farko da ta ɗora kai a cinyarta da ciki, mahaifiyata ce, lokacin cikin ƙanena. Tsoron abin da ya same ta a haihuwata ya fi kunyar ƙarfi. Inna ta ga ƙafa a kumbure, ta hana ta kanwa da gishiri, ta sa ido. Da lokaci ya yi, mahaifiyata ba ta aika an kira ta ba, wa zai yi wannan rashin kunya? Ni ta aika in ce kitsonta ya warware. Inna ta ɗauki kwando ta ratsa ta gaban Kaka, Kaka ta bi kwandon da kallo ta ga mataji a sama ta ci gaba da kaɗinta. Daga ranar wannan magana ta zama salon kiranta. A duk ƙauyukan nan, in ka ji an ce a gaya wa Inna kitson wance ya warware, to ka san abin da ake ciki, ka kuma san ba ka ji ba. Maza ma sun sani sarai. Sai ka ga magidanci da gemunsa ya taka keke a guje yana haki, wai kitson iyalinsa ne ya warware.

In abu ya fi ƙarfin ɗaki ba ta jayayya da shi. Baffa ya tada mota, ko buhunan gero ne a ciki a sauke, a nufi asibiti. A can sai a karɓi mai naƙuda a ce 'yar rakiya ta jira a waje. Takan zauna a benci da kwandonta a cinya, in an fito da albishir ta fi uwar yarinyar rawar jiki.

Rigimarta babba da tsohuwar ungozomar gari ce. Wannan sana'a a wurinmu gado ce, uwa ta bar wa 'ya, kuma tana da haƙƙinta. Washegarin suna in ana raba naman rago, ƙafa guda da kwanon hatsi na ungozoma ne, yaro zai kai mata har gida kowa na gani. Wannan rabon shi ne shaidar garinmu, shi ke nuna wa duniya wace ce ta karɓi ɗan. Tsohuwar ta ga ana kiranta ta tarar an gama komai. Ta zo gidanmu da sandarta ta tsaya a tsakar gida ta zazzage. Ta ce baƙuwa ta zo cin abincin marayu, ta ce kakanninta ne suka yanke cibiyar duk wanda ke tsaye a wurin, har da mijin baƙuwar. Inna ma ba kanwar lasa ba ce, ta rama da Hausa, da Hausar ta ƙare ta ci gaba da Larabcinsu, ta ce da tsatsar askar tsohuwar ake kashe jarirai. Sai da Kaka ta shiga tsakani.

Kwana kaɗan bayan haka muka ga Inna ta ɗauki butar shayi ta nufi gidan tsohuwar. Ba wanda ya ji abin da suka tattauna, sai abin da ya biyo baya muka gani. Inna za ta karɓi haihuwa, amma ba za ta yanke cibiya ba, sai ta jira tsohuwar. Tsohuwar za ta yanke, amma sai da abin da Inna ta tafasa. Sunan ungozoma da rabon suna kuwa suna nan inda suke. Haka suka yi aiki tare har tsohuwar ta rasu, 'yarta ta gaje ta a kan wannan sharaɗi. Na taɓa tambayar Inna don me ta yarda, ita da wahala wata da nama. Ta harare ni.

"Da na riƙe naman, da an rufe min ƙofa. Ƙofar nake so."

Amma kada wani ya ce abin bai dame ta ba. Ya dame ta ƙwarai. Inna ba ta cin naman suna, ko na gidanmu, wai yana ɓata mata ciki. Ƙarya ne, na gan ta da naman layya, ba ta ɗaga masa ƙafa. Washegarin kowane suna takan tsiri wankin da bai kai wanki ba a bayan ɗaki, don kada ta ga yaron da zai wuce da ƙafar rago. Kuma duk shekara in damina ta ɗauke sai ta fito da farar rigar nan ta shanya, ta goge, ta mayar.

Allah bai ba ta haihuwa ba, mu ne 'ya'yanta. Da 'yata ta fari ta gama karatun jinya, Inna ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Yarinyar ta samu hanya ta tafi Ingila, muna ta murna. Ashe abin da ya kori Inna daga ofis yana can yana jiranta da wata riga. Sai ta sake jarrabawa, sai an tabbatar da wannan, sai an tantance wancan. Kafin nan aikin da ta samu a gidan tsofaffi ne, wanka da canjin zanen gado da ba da abinci a baki. Ta kira ni tana kuka, ta ce ita da ke sa wa mutane ruwa da allura yau ko maganin ciwon kai ba ta da ikon miƙawa, za ta dawo gida. Inna na kwance a lokacin, ciwo ya fara cin ta, amma ta fizge wayar da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta tambaye ta ko tsofaffin nan suna da ƙafafu. Yarinya ta ce suna da su mana.

"To in kina wanke su ki danna. Ki ja ido ki duba. Takarda tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa, tawa ba ta zo ba. Ke dai kada hannunki ya manta."

Yarinyar ba ta dawo ba, tana can tana shirin jarrabawarta. Ƙahon katakon yana jakarta, Inna ta ba ta ranar tafiya.

Ranar sadakar uku ta faɗo daidai da washegarin wani suna da aka yi a wani gida bayan masallaci, na jaririn da aka haifa a ƙaramin asibitin da aka gina mana, wanda Inna ta yi ta kora mata zuwa cikinsa tun da ƙafa ta gaza mata. Uwar jaririn da kakarsa duk a hannun Inna suka faɗo. Muna zaune da rana, an gama addu'a ana raba waina, sai ga ungozomar gari, 'yar tsohuwar nan, ita ma yanzu da sanda. Ba yaro ta aiko ba, da kanta ta ɗauko tire a ka, ƙafar rago da kwanon gero na rabon sunan nan a kai, a buɗe, ta ratso gari da shi. Ta bi ta zaure ta tsakiyar maza ba ta ko rusuna ba, ta ratsa mu, ta dire shi a ƙofar ɗakin Inna, daidai inda tabarmar kitso take.

"Na ungozoma ne," ta ce. "Uwata ta sani, ni ma na sani. Mun ci mata da yawa."

Sai tsohuwar nan mai sanƙon gefen kai ta manta a gidan makoki take, ta rangaɗa guɗa. Ba wanda ya hana ta. Wasu suka kama mata, wasu suka fashe da kuka, ni ina yin duka biyun. Baffa ya dogaro ya shigo jin hayaniya, ya ga tiren, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ya ce wa ƙanena ya je masallaci ya ce a sake sanarwar, an yi kuskure a ta farko.

Bayan la'asar lasifika ta buɗe, har gonakin gyaɗa ana ji. Aka ce ana ƙara sanar da jama'a rasuwar Inna Ungozoma. Allah Ya jiƙanta, Ya karɓe ta da irin hannun da ta karɓe mu.